Yadda Ake Tallafa wa Koyar da Kimiyya a Makaranta: Jagora ga Malamai, Shugabanni da Masu Taimako

Duk wanda ya yi niyyar taimaka wa wata makaranta a fannin kimiyya, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne sayen kaya: kwamfutoci, kwalabe da sinadarai, ko ma gina ɗakin gwaje-gwaje sukutum. Niyya ce kyakkyawa, amma na sha ganin inda aka bi wannan hanya, bayan shekara guda aka tarar da kayan a kulle cikin kabad ƙura ta rufe su, malamin yana tsoron kada wani abu ya fashe a hannunsa a ce ya biya, yara kuwa suna ci gaba da kwafar bayanin gwajin da ba su taɓa yi ba. Abin da ya yi ƙaranci a irin wannan makaranta shi ne malamin da hannunsa ya saba da gwajin, da kuma lokacin yin sa a cikin jadawalin darussa. Don haka matakan da ke tafe sun fara daga aji da malami, sayen kaya kuwa sai can wajen tsakiya zai zo.

Kalmar STEM da ake yawan ji yanzu taƙaita sunayen fannoni huɗu ce a Turance, wato kimiyya, fasaha, injiniyanci da lissafi. Abin da ya ɗaure su wuri guda ɗabi'a ce ɗaya: mutum ya yi tambaya, ya faɗi abin da yake zato, ya auna, sannan ya karɓi abin da awon ya nuna ko da ya saɓa wa zatonsa. Wannan ɗabi'a ita ce abin da ake son dasawa, kuma da ita za a auna kowane tallafi.

Mataki na farko: ku zauna a aji kafin ku sayi komai

Ku nemi izinin shugaban makaranta da na malamin, ku bayyana masa a fili cewa ba bincikensa kuka zo yi ba, sannan ku zauna a bayan aji ku kalli darasi uku ko huɗu. Ku riƙe agogo da takarda. Ku rubuta minti nawa malamin ya yi yana magana ko rubutu a allo, yara nawa suka taɓa wani abu da hannunsu, da tambaya nawa ta fito daga bakin ɗalibai. Bayan haka ku buɗe kabad ɗin makarantar ku lissafa abin da ke ciki, domin sau da yawa ana samun maganaɗisu, ma'aunin zafi da tabaran ƙara girma waɗanda aka manta da su.

Tambaya mafi amfani da za ku yi wa malamin ita ce: wane babi ne yake tsallakewa ko yake yi masa nauyi? Ku yi ta a keɓe kuma cikin girmamawa, domin malamai da yawa suna koyar da fannin da ba shi suka karanta ba, kuma ba laifinsu ba ne. Amsar da zai bayar ita ce wurin da tallafinku zai fara. Daga nan ku duba jadawalin mako tare da shugaban makaranta. Gwaji na gaske ba ya shiga cikin minti 35 ko 40, saboda rarraba kaya da tattara su kaɗai suna cin kusan rabin wannan lokaci. A haɗa darasi biyu a jere sau ɗaya a mako. Wannan gyara ba ya buƙatar ko sisi, kuma idan ba a yi shi ba sauran matakan za su yi ta tangal-tangal.

Mataki na biyu: ku gano abin da yara suka riga suka yarda da shi

Yaro ba ya shigowa aji da kai fanko. Tun kafin a koya masa komai yana da nasa bayanin kan dalilin faɗuwar abubuwa da girman itatuwa, kuma wannan bayani yana da saiwa mai zurfi, domin daga abin da idonsa ya gani ya gina shi. Idan malami ya ɗora sabon bayani a kai ba tare da ya tono tsohon ba, yaron zai haddace sabon don jarrabawa, ya ci gaba da tunani da tsohon.

Hanyar tono shi mai sauƙi ce, kuma masana ilimi biyu, Richard White da Richard Gunstone, sun tsara ta a 1992 cikin matakai uku: hasashe, kallo, bayani. Kowane ɗalibi ya rubuta abin da yake zaton zai faru da dalilinsa kafin a yi gwajin, sannan a yi, sannan ya bayyana bambancin da ke tsakanin zatonsa da abin da ya gani. Rubutawar tana da muhimmanci ƙwarai, domin wanda bai rubuta ba, da zarar ya ga sakamako sai ya ɗauka dama can abin da ya zata ke nan.

Ga tambayoyi uku da ba su cika kasa tayar da muhawara ba. Ta farko: idan aka saki babban dutse da ƙarami tare daga tsayi ɗaya, wanne zai fara isa ƙasa? Yawancin yara za su ce babban. A saki duwatsun, su ji ƙarar saukarsu a lokaci guda. Sai wani ya kawo batun takarda ko gashin tsuntsu, kuma wannan ita ce damar da ake nema: a dunƙule takardar a sake sakin ta, su ga cewa nauyinta bai sauya ba amma ta fi saurin faɗuwa, ashe iska ce ke tare ta. A nan ne ya dace a ba su labarin David Scott, ɗan sama jannatin da ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata a 1971, inda babu iska, suka sauka tare.

Ta biyu: daga ina itace ke samun nauyinsa? Amsar da za a ji ita ce daga ƙasa. A ƙarni na 17 Jan Baptist van Helmont ya dasa reshe mai nauyin kimanin kilo 2 a cikin busasshiyar ƙasa mai kimanin kilo 90, ya yi ta ba shi ruwa har shekara 5. Itacen ya kai kimanin kilo 77, ƙasar kuwa abin da ta rasa bai kai giram 60 ba. Shi ya yanke hukuncin cewa daga ruwa nauyin ya fito, kuma a nan ya yi kuskure, domin mafi yawan busasshen jikin itace daga iskar kabon dayoksaid yake, wadda ganye ke ɗauka da taimakon hasken rana. Ina son wannan labari saboda yana nuna wa yara cewa mutum zai iya yin awo daidai, ya kawar da zato guda na kuskure, amma ya faɗa cikin wani.

Ta uku a aikace ake yin ta: a ba kowace ƙungiya batir ɗaya, ƙwan tocila ɗaya da guntun waya ɗaya, a ce su kunna ƙwan. Da yawa za su haɗa wayar daga kan batir zuwa ƙwan su yi ta jira, domin a tunaninsu wuta tana gudana ne kamar ruwa a tiyo daga wuri ɗaya zuwa wani. Sai sun gano da kansu cewa dole hanyar ta zagayo ta rufe, sannan zanen da ke cikin littafi yake yin ma'ana. A gargaɗe su kada su haɗa kan batir da gindinsa da waya kai tsaye, domin wayar tana yin zafi.

Mataki na uku: ku zaɓi gwaji ɗaya ku yi shi har ƙarshe

Gwaji ɗaya da yara suka yi da hannunsu, suka auna, suka yi gardama a kan lambobinsa, ya fi goma da malami ya nuna daga gaban aji. Wanda nake ba da shawara a fara da shi shi ne lilo, wato ƙaramin nauyi da aka rataye da zare yana kai da kawowa. Abin da ake buƙata shi ne zare, 'yan duwatsu ko notin ƙarfe, rula ko tef na awo, da agogon da ke nuna sakan.

A raba aji ƙungiya-ƙungiya, mutum huɗu a kowace. A rataye lilo ɗaya a gaban kowa, a yi tambaya: me ke sa lilo ya yi sauri ko ya yi jinkiri? Yara za su ambaci nauyin dutsen, tsawon zaren, da nisan da aka ja shi gefe kafin a sake shi. A rubuta ukun a allo, kowa ya rubuta hasashensa a littafinsa. Sannan malami ya jefa tambayar da ita ce zuciyar darasin: idan muka sauya nauyi da tsawo a lokaci guda, ta yaya za mu san wanne ne ya kawo bambanci? A bar su su isa ga amsar da kansu, wato abu ɗaya ake sauyawa a riƙe sauran yadda suke. Wanda ya fahimci wannan ya samu mabuɗin kowane gwaji da zai yi nan gaba.

Akwai ƙa'idoji na awo da ya kamata a tsaya a kansu. Ana auna tsawon lilo daga inda aka ɗaure zaren zuwa tsakiyar dutsen, ba zuwa samansa ba. Zagaye ɗaya shi ne tafiya da dawowa wurin da aka fara. Kada a ja lilon gefe da yawa, kusurwar da ba ta wuce digiri 15 ba ta isa. Kuma kada a auna zagaye ɗaya tak, a ƙirga 10 a raba lokacin gida 10, saboda hannun ɗan Adam yana jinkirin kimanin kashi ɗaya cikin biyar na sakan wajen danna agogo. Wannan kuskure babba ne a kan zagaye ɗaya, amma idan aka baza shi a kan zagaye 10 sai ya zama ƙarami. Kowane awo a maimaita shi sau uku a ɗauki matsakaici.

Malami ya san lambobin da ake tsammani tun kafin darasi. Lilo mai tsawon santimita 25 yana yin zagaye 10 a cikin kimanin sakan 10, mai santimita 50 a cikin kimanin sakan 14, mai mita 1 kuwa a cikin kimanin sakan 20. Sauya nauyin dutse ba ya sauya lokacin, kuma wannan yakan ba yara mamaki har wasu su ce agogon ne ya lalace, su nemi a sake. A bar su su sake. Daga nan sai lissafi ya shigo da kansa: an ninka tsawo sau huɗu daga santimita 25 zuwa 100, amma lokaci sau biyu kawai ya ninku. Ɗaliban manyan azuzuwa za su iya zana tsawo a gefe ɗaya na giraf, lokacin zagaye da aka ninka da kansa a ɗaya gefen, su ga layi ya miƙe sak, kuma daga karkatarsa su fitar da saurin da jan ƙasa ke ƙara wa abu mai faɗuwa, wanda yake kimanin mita 9.8 a sakan cikin kowane sakan.

Lokacin da ƙungiyoyi suka rubuta sakamakonsu a allo, lambobin ba za su zo ɗaya ba. A lilo mai mita 1, wata ta samu sakan 19.6, wata 20.3, wata ma 10, saboda ta ƙirga tafiya kaɗai a matsayin zagaye. Kada malami ya goge wadda ta bambanta ko ya ce ga amsa ta gaskiya. Ya tambayi ajin dalilin bambancin, ya bar ƙungiyar ta nuna yadda ta yi. Mafi munin abin da ɗakin gwaji ke koya wa yaro shi ne gyara lambobinsa su dace da na littafi, kuma yakan koyi hakan ne a ranar da aka rage masa maki don ya rubuta abin da ya gani.

Bayan lilo, akwai gwaje-gwaje biyu masu tarihi da ba sa cin kuɗi. Na farko shi ne akwatin duhu: a huda ƙaramin rami a gefe ɗaya na kwali, a manna siririyar farar takarda a ɗaya gefen, sai hoton abin da ke waje ya bayyana a kife. Alhasan Ibn al-Haisam ya yi nazarin irin wannan a Alƙahira, a littafinsa Kitab al-Manazir da ya rubuta tsakanin 1011 da 1021, inda ya nuna ta hanyar gwaji cewa haske yana tafiya a miƙe kuma daga abu yake shigowa ido. Na biyu shi ne awon girman duniya da inuwa, kamar yadda Eratosthenes ya yi fiye da shekara 2,200 da suka wuce, ya samu bambancin digiri 7.2 a kusurwar hasken rana tsakanin Iskandariya da garin da yanzu ake kira Aswan a Masar, wato kashi ɗaya cikin 50 na da'ira. Makarantu biyu da ɗaya ke arewa da ɗaya da nisan 'yan ɗaruruwan kilomita za su iya kafa sanda a miƙe a rana ɗaya, kowace ta auna inuwarta a lokacin da ta fi gajarta, ta fitar da kusurwar da hasken rana ya yi da sandar, sannan su yi musayar kusurwar da suka samu su ga bambancin. Kowane digiri ɗaya yana daidai da kimanin kilomita 111, zagayen duniya kuma kimanin kilomita 40,000 ne.

Mataki na huɗu: ku gyara yadda ake tambaya

A farkon shekarun 1970 Mary Budd Rowe ta saurari darussan kimiyya da yawa da aka naɗa, ta gano cewa malamai suna jiran kimanin sakan ɗaya ne bayan sun yi tambaya kafin su kira wani ko su amsa da kansu. Da aka tsawaita jiran zuwa sakan uku ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, yaran da ba sa magana suka fara magana, kuma "ban sani ba" ta ragu. Sakan uku na shiru yana yi wa malami tsawo fiye da yadda ake zato, don haka ya ƙirga a zuciyarsa. Ya kuma bar ɗalibai su tattauna biyu-biyu a harshen da suka fi iyawa kafin su amsa, sannan a ɗora kalmar kimiyya a kan abin da suka riga suka fahimta.

A ware minti biyar na farkon kowane darasi don tambayoyi uku ko huɗu daga makon jiya da watan jiya, a amsa ba tare da duba littafi ba kuma ba tare da maki ba. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna yadda mantuwa ke saurin cin abin da aka koya, kuma ƙoƙarin tuno abu daga ka yana ƙarfafa shi fiye da sake karanta shi.

Mataki na biyar: ku haɗa malamai su koyi juna

Taron bita na kwana biyu da ake tara malamai a yi musu lacca ba ya cika sauya abin da ke faruwa a aji. Abin da ya fi tasiri shi ne ƙaramin zama mai ɗorewa. A Japan malamai sun shafe fiye da ƙarni guda suna wata al'ada ta nazarin darasi, kuma ana iya ɗaukar tsarinta a ko'ina. Malamai uku zuwa biyar su zaɓi babi ɗaya mai wuya, su tsara darasi guda tare, su rubuta irin amsoshin da suke tsammani daga yara da abin da za a ce idan kowace ta fito. Ɗaya daga cikinsu ya koyar, sauran su zauna su kalli ɗalibai, kowa ya bi yara biyu ko uku yana rubuta abin da suka faɗa da abin da suka yi. A zauna a ranar a tattauna, a gyara darasin, wani ya sake koyar da shi a wani aji. Da yake darasin na kowa ne, idan ya gaza babu wanda zai ji kunya.

Sharaɗi ɗaya da ba a sassauci a kansa shi ne kowane malami ya yi gwajin da hannunsa, daga farko har ƙarshe, kafin ya kai shi aji. Idan makarantar malamin kimiyya ɗaya gare ta, a haɗa shi da takwarorinsa na makarantun da ke kusa sau ɗaya a wata. Aikin mai taimako a nan shi ne ya samar da lokacin zaman a cikin sa'o'in aiki, ya ɗauki nauyin zirga-zirga, ya kuma nemo wani masani daga jami'a ko kwaleji da zai riƙa amsa tambayoyin da suka gagari malaman.

Mataki na shida: yanzu ku sayi kaya

A wannan lokaci malamai sun san abin da suke buƙata, don haka jerin kayan daga wurinsu zai fito. A fifita yawa a kan tsada: ruloli, ma'aunan zafi, maganaɗisai, batura, wayoyi da ƙwayayen tocila da za su ishi ƙungiya goma sun fi na'ura ɗaya mai tsada da mutum ɗaya zai taɓa. Don ganin ƙananan halittu akwai Foldscope, madubin ƙara girma na takarda da Manu Prakash da Jim Cybulski suka ƙirƙira a Jami'ar Stanford, wanda ke ƙara girman abu sau 140. A zuba kayan kowane gwaji a akwatinsa, a manna jerin abin da ke ciki a murfi, a ɗora wa ɗalibai alhakin ƙirgawa kafin darasi da bayansa. A ware wani kaso na kuɗin don abubuwan da ke ƙarewa, kamar batir da zare da sinadarai, domin rashinsu ne ke kashe yawancin ɗakunan gwaji. Shugaban makaranta kuma ya faɗa a rubuce cewa abin da ya fashe a yayin darasi ba bashi ba ne a kan malami.

Kiyaye haɗari ba a yi masa gaggawa. Ɗalibai su yi gwajin lantarki da batir kawai, kada su kusanci wutar soket. Asid ake zubawa a hankali cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid, domin zafin da ke tashi yana iya fantsama shi a fuska. Kada a ƙara man sifirit a fitilar da ke ci ko wadda ba ta huce ba. A guji ma'aunin zafi mai zaiba, saboda tururinta guba ne idan ya fashe. Babu mai kallon rana kai tsaye ko ta cikin tabarau, babu mai ɗanɗana komai ko zuƙo ruwa da baki. A tanadi tabaran kariya, bokitin yashi, ruwa mai tsafta na wanke ido da akwatin taimakon farko, a rubuta sunan kowane sinadari a jikin kwalbarsa, a kulle su a inda malami kaɗai ke da mabuɗi.

Mataki na bakwai: fasaha da injiniyanci

Ana iya fara koyar da tunanin kwamfuta babu kwamfuta. A yanka kati biyar, a zana ɗigo 16, 8, 4, 2 da 1 a kansu, yara biyar su riƙe su a gaban aji. Katin da aka nuna shi ne 1, wanda aka kife shi ne 0, kamar yadda kwamfuta ke rubuta lambobi da 0 da 1 kaɗai. Don nuna 13 sai a buɗe 8, 4 da 1, a rubuta 01101, kuma da katin nan biyar ana ƙirgawa daga 0 zuwa 31. Wannan yana cikin darussan CS Unplugged da Tim Bell da abokan aikinsa suka fara a Jami'ar Canterbury ta New Zealand.

Idan akwai kwamfuta ko da guda ɗaya ce, akwai manhajoji na kyauta da ake iya saukewa a yi aiki da su ba tare da intanet ba. PhET, wanda Carl Wieman ya kafa a Jami'ar Colorado a 2002, yana kwaikwayon gwaje-gwajen da ido ba ya gani, kamar motsin ƙwayoyin iska. Scratch, wanda ya fito daga cibiyar MIT a 2007, yana koya wa yara rubuta umarni ta hanyar haɗa tubala, GeoGebra kuma na lissafi ne. Wayar salular malami ma na'urar awo ce, domin manhajar phyphox tana amfani da abubuwan da ke cikinta wajen auna motsi da sauti. A yi amfani da kwaikwayon kwamfuta bayan gwajin hannu ko inda gwajin ba zai yiwu ba, kada ya maye gurbin zare da dutse.

Injiniyanci kuwa yana farawa ne da matsala mai iyaka. A jera littattafai biyu da tazarar santimita 20, a ba kowace ƙungiya fallen takarda ɗaya, a ce su yi gada da za ta ɗauki ƙusoshi mafi yawa. Shimfiɗaɗɗiyar takarda za ta rufta nan take, wadda aka lanƙwasa gefenta ko aka naɗe ta hawa da sauka za ta ɗauki nauyi mai yawa. A ba su damar gwaji na biyu da na uku, kowace ƙungiya ta rubuta abin da ta sauya da dalili, kuma maki ya hau kan wannan bayani fiye da kan adadin ƙusoshin.

Mataki na takwas: ku lura da hannun da ke riƙe da kaya

Rahoton da UNESCO ta fitar a 2017 ya nuna cewa mata kimanin kashi 35 cikin 100 ne na masu karatun waɗannan fannoni a manyan makarantu na duniya. Wannan giɓi yana fara buɗewa ne tun a ƙananan azuzuwa, a wurin da ba a cika lura ba: a ƙungiyar da ta haɗa maza da mata, sau da yawa namiji ne ke riƙe da agogo, mace kuma tana rubuta sakamako. Haka ma yaro mai kunya ko mai buƙata ta musamman yakan koma ɗan kallo. Maganin shi ne a raba ayyuka huɗu, mai haɗa kaya, mai awo, mai rubutu da mai bayani, a riƙa juya su kowane mako. A gayyato mata masu aikin injiniya, likitanci ko bincike su yi hira da ɗalibai, kuma ranar 11 ga Fabrairu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2015 don mata da 'yan mata a kimiyya, dama ce ta yin hakan. A cikin darasi a ambaci Tu Youyou, wadda ta samu lambar Nobel a 2015 saboda gano maganin zazzaɓin cizon sauro na atemisinin, da Maryam Mirzakhani, mace ta farko da ta samu lambar Fields a lissafi a 2014.

Mataki na tara: ku auna tallafin kansa

Wanda ke koya wa yara awo bai kamata ya bar nasa aikin babu awo ba. A farkon zango a ba ɗalibai tambayoyi biyar zuwa goma na fahimta, irin na dutse da itace da batir, kowace da wurin rubuta dalili, a ajiye takardun, a sake ba su irinsu a ƙarshen zango a kwatanta dalilan. A koma bayan aji da agogo da takarda kamar a mataki na farko, a sake ƙirga mintoci da hannaye da tambayoyi. A ɗauki littattafan ɗalibai goma ba tare da zaɓi ba, a duba ko akwai hasashe, jadawalin awo da lambobin da suka bambanta daga littafi zuwa littafi. Idan duka goman lamba ɗaya suka rubuta, kwafa aka yi.

Malamai suna samun canjin wurin aiki, kuma tallafi da yawa yakan tafi tare da mutumin da ya riƙe shi. Saboda haka a sa littafi ɗaya a cikin kowane akwatin gwaji, duk malamin da ya yi amfani da shi ya rubuta kwanan wata, lambobin da ajinsa ya samu, kuskuren da yara suka fi yi, da abin da ya ƙare yake buƙatar a sayo. A tabbatar aƙalla malamai biyu sun iya kowane gwaji, a kuma sa ranar da za a duba akwatunan kafin a buɗe sabon zango.